Matse fayiloli da warware su a kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi kan ZIP, RAR da 7z

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan zuwa shagunan kwamfuta na Jos, daga Terminus zuwa Bauchi Road da Farin Gada. Masu kawo su galibi ɗaliban Jami'ar Jos ne da ke harhaɗa furojet, da masu ɗaukar hoton biki, da masu tace bidiyo, da ma'aikatan ofis da aka turo wa fayil ya ƙi buɗuwa. An bar sunayen maɓallai da Turanci, domin haka za ka tarar da su a allo. Yawancin bayanin a kan Windows ne.

Mene ne matsattsen fayil, kuma me ya raba shi da folda?

Ƙunshi ne guda ɗaya da aka zuba fayiloli a cikinsa, da sunayensu, da yadda aka jera su folda-folda, da ranar da aka yi wa kowanne gyaran ƙarshe. ZIP, RAR da 7z nau'o'insa ne. Aiki biyu yake yi: yana haɗa abubuwa masu yawa su zama fayil ɗaya, yana kuma rage musu girma. Folda ba ta yin ko ɗaya, shi ya sa ba a iya liƙa ta a imel.

Manhajar tana rage girma ne ta hanyar nemo abin da ya maimaitu a cikin fayil. Sai ta rubuta shi sau ɗaya, a sauran wuraren ta ajiye 'yar alama mai nuna inda yake. In aka zo warwarewa, komai yakan dawo yadda ya shiga, ko ɗigo ba ya canzawa. Wannan dabam yake da abin da WhatsApp ke yi wa hoto, inda ake zubar da wani ɓangare na ingancinsa har abada.

Wace manhaja zan saka?

Ga yawancin mutane, 7-Zip ta wadatar. Igor Pavlov ne ya fitar da ita a 1999, kyauta ce ga gida da ofis da shago, kuma fayil ɗin saka ta bai kai MB 2 ba. Tana haɗa 7z da ZIP da TAR, tana buɗe RAR da ISO da wasu da dama. Amma ba ta haɗa RAR.

WinRAR, wadda Eugene Roshal ya rubuta, ta kuɗi ce. Ana ba da kwana 40 na gwaji, bayan nan tana ci gaba da aiki amma ƙa'idar lasisinta ita ce a saya. Abin da ta fi 7-Zip da shi shi ne gyaran ƙunshin da ya lalace, kamar yadda aka bayyana a tambayar gyara a ƙasa. Akwai kuma PeaZip, ita ma kyauta. Masu Linux suna da File Roller ko Ark, masu Mac suna da Archive Utility da Keka, a wayar Android kuma akwai ZArchiver.

Ka sauke daga gidan manhajar kanta, wato 7-zip.org ko rarlab.com. WinRAR ɗin da aka fasa wa lasisi, wadda ke yawo a filash daga hannu zuwa hannu, hanya ce mai sauƙi ta shigar da cuta cikin kwamfuta, kuma babu dalilin ɗaukar wannan kasada tunda ga ta kyauta.

Ai Windows na buɗe ZIP da kanta. Me zai sa in ƙara wata manhaja?

Gaskiya ne, tun Windows XP take yin haka, kuma daga 2023 Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z da TAR. In dai ƙananan takardu kake karɓa lokaci-lokaci, ta ishe ka. Amma ba ta buɗe 7z ko RAR mai kalmar sirri, ba ta buɗe ZIP da aka kulle da AES (wani tsarin kullewa mai ƙarfi), ba ta sa wa ƙunshi kalmar sirri, ba ta raba shi gida-gida, kuma ba ta da maɓallin gwada lafiyarsa. In matsala ta faru, saƙon da take bayarwa ba ya faɗin musabbabi.

ZIP, RAR ko 7z: wanne zan zaɓa?

Ka duba wanda zai karɓa kafin ka duba girman fayil. In malami ne ko ofis ko shafin neman aiki, ZIP za ka yi, domin tun 1989 da Phil Katz ya fito da shi babu na'urar da ba ta san shi ba. In ajiyar kanka ce, ko abokin aiki da ka san yana da 7-Zip, to 7z ya fi matsewa kuma ya fi kulle sirri. In kayan masu muhimmanci ne da za su daɗe a filash ko su yi doguwar tafiya a intanet mai yankewa, RAR mai bayanan gyara, wato ƙarin da ake gyara ƙunshi da shi in ya lalace, ya fi.

Yaya ake haɗa ƙunshi da 7-Zip?

Fara da tara komai a folda ɗaya, ka ba ta gajeren suna. Danna maɓallin dama na maus a kanta, ka zaɓi 7-Zip, sannan "Add to archive". A Windows 11 sai ka fara danna "Show more options" kafin sunan 7-Zip ya bayyana. Mutane da yawa kan ɗauka manhajar ba ta shiga ba saboda wannan kaɗai.

A tagar da ta buɗe, layin sama shi ne suna da wurin ajiya. A "Archive format" ka zaɓi zip ko 7z, a "Compression level" ka bar "Normal". Kada ka sa alama a "Delete files after compression". Danna OK, ka jira ta gama. Daga nan sai ka danna dama a kan sabon ƙunshin, ka zaɓi "Test archive". Sai ka ga "There are no errors" sannan aikin ya kammala. Wannan gwajin shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi hana asara.

Mene ne bambancin "Extract Here" da "Extract to"?

Na farko yana zube komai a inda ƙunshin yake. In hotuna 600 ne a ciki ba tare da folda ba, duk za su watsu a fuskar kwamfutarka su cakuɗe da naka. Na biyu yana fara ƙirƙirar folda mai sunan ƙunshin sannan ya zuba a ciki, don haka shi za ka riƙa zaɓa. "Extract files" kuma yana ba ka damar nuna wurin da kake so.

Jan fayil da maus daga tagar 7-Zip zuwa wata folda yana aiki, amma ta bayan gida yake bi: sai an fara fitar da shi a foldar Temp da ke kan C, wato faifan da Windows take a kai, sannan a kwafe shi zuwa inda ka ajiye. In C ya kusa cika, aikin zai tsaya ko da wurin da za ka kai shi yana da fili. Ga manyan fayiloli, yi amfani da maɓallin "Extract".

Na matse bidiyon biki na GB 3, amma kusan bai ragu ba. Manhajar ce ba ta aiki?

Lafiyarta lau. MP4 da JPG da MP3 an riga an matse su tun lokacin da aka yi su, ba sauran maimaici da za a cire. Buhun auduga in ka danna zai lotsa, na tsakuwa kuwa ko ka hau kai ba zai motsa ba. Haka takardun docx da xlsx da pptx, su ma ƙunshin ZIP ne da aka canza wa suna. Masu raguwa sosai su ne rubutu zalla, da CSV, da hotunan BMP, da sautin WAV, da fayilolin rumbun bayanai.

Saboda haka in hotuna ko bidiyo za ka haɗa, zaɓi "Store" a "Compression level". Ba zai ɓata lokaci yana neman abin da babu ba, zai haɗa su kawai cikin sauri. In kuwa rage girman bidiyon kake so da gaske, aikin manhaja irin HandBrake ne, kuma sai ka yarda ingancin hoton ya ɗan sauka.

Fayil ɗin ya fi ƙarfin imel ko filash. Yaya zan raba shi?

Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura MB 25. WhatsApp yana ɗaukar har GB 2 in ka tura a matsayin "Document". Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai GB 4, ko da akwai fili mai yawa a cikinsa. Wannan ne ke sa ka ga saƙon cewa fayil ya yi girma a filash na GB 32 da ba komai a ciki.

A tagar "Add to archive" akwai akwatin "Split to volumes, bytes". Rubuta 20m don imel, ko ka zaɓi 4092M don FAT32. Za ka samu gidaje masu ƙarewa da .001, .002, .003. A WinRAR sunayen kan zo da part1, part2. Ko inda ba a sa iyaka ba, rabawa na da amfani in sabis na yankewa: gida ɗaya na MB 200 ne zai lalace ka sake saukewa, maimakon duk datarka ta tafi a banza.

Wajen warwarewa, dole dukan gidajen su kasance a folda ɗaya, da sunayensu na asali, kuma na farko kaɗai za ka buɗe. In aka sauke wani gida sau biyu, kwamfuta kan ƙara masa lamba a cikin baka a jikin sunan, sai manhajar ta kasa gane shi. Goge ƙarin, ka sake gwadawa. Gida ɗaya in ya ɓace, sauran ba za su ba ka cikakken abu ba.

Yaya zan sa kalmar sirri, kuma tana kāre fayil da gaske?

A ɓangaren "Encryption" ka rubuta kalmar sau biyu. In 7z ne, kullewar AES-256 ce, sai ka ƙara sa alama a "Encrypt file names". In ba ka sa ba, kowa zai iya ganin sunayen fayilolin ko da bai iya buɗe su ba, kuma suna kamar "takardar filin Rayfield" ya riga ya tona rabin sirrin. ZIP ba ya ɓoye sunaye ko kaɗan.

A ZIP akwai zaɓi biyu. ZipCrypto tsoho ne mai rauni, ana iya fasa shi, amma Windows na buɗe shi da kanta. AES-256 yana da ƙarfi, sai dai dole mai karɓa ya kasance da 7-Zip ko WinRAR. Ga takardun banki ko na asibiti ko sakamakon jarrabawa, AES kaɗai ya dace. Ƙarfin kullewar kuma bai wuce ƙarfin kalmar ba: lambar waya, ranar haihuwa da sunan ɗa duk ana cankar su. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna. Kada ka tura kalmar a cikin saƙon da ya ɗauki fayil ɗin. Kira mutumin ka faɗa masa.

Na manta kalmar sirrin. Akwai mafita?

In AES ce kuma kalmar doguwa ce, babu. Ba wanda ke da mabuɗin baya, har masu manhajar. Manhajojin da ke cewa suna buɗewa canki-canka kawai suke yi, sai gajeruwar kalma suke kamawa, da yawansu ma cuta ke ciki. Kafin ka fid da rai, duba ko Caps Lock a kunne yake, ka sa alama a "Show Password" don ganin abin da kake bugawa, kuma in kwafo kalmar ka yi daga saƙo, ka tabbata ba ta zo da fili a ƙarshenta ba.

Ina ganin "CRC failed" ko "Unexpected end of data". Me ya faru?

Kowane fayil a cikin ƙunshi yana tafe da wata lambar tantancewa da aka lissafa lokacin matse shi. Wajen warwarewa sai a sake lissafi. In lambobin biyu suka saɓa, shi ne "CRC failed" ko "Data error": wani abu ya canza a hanya. A ƙunshi mai kalmar sirri, kuskuren kalma ma yana iya kawo wannan saƙon, don haka fara da duba ta.

"Unexpected end of data" yana nufin ƙunshin bai cika ba. Ko sabis ya yanke ana cikin saukewa, ko wuta ta ɗauke ana cikin kwafa, ko an zare filash kafin ya gama rubutu. Tambayi wanda ya turo ainihin girman fayil ɗin, ka danna dama ka duba "Properties" ka gwada da naka. In sun bambanta, sake saukewa ne kawai magani. "Cannot open file as archive" kuma yakan fito in kan fayil ɗin ya lalace, ko in abin da ka sauke shafin intanet ne da aka liƙa wa sunan zip, ko in manhajarka ta tsufa. Tsarin RAR5 ya fito ne a 2013, kuma WinRAR da ta girmi fitowa ta 5.0 ba ta karanta shi.

In matsalar na maimaituwa a filash ɗaya, zargi filash ɗin. Akwai jabu a kasuwa da ke nuna GB 64 alhali ainihin cikinsa kaɗan ne. Yana karɓar fayil ba gardama, sunaye su fito daidai, amma abin da ya haura ainihin girmansa ya tafi. Manhajar H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Yi wannan gwajin ranar da ka saya, tun kafin ka ɗora masa aikin mutane.

Ana iya gyara ƙunshin da ya lalace?

Ya danganta da abin da aka yi lokacin haɗa shi. A WinRAR, in an sa alama a "Add recovery record", ana ƙara wasu bayanai na gyara, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na girman ƙunshin. In ɓarnar ba ta wuce wannan adadin ba, buɗe shi ka danna Alt da R, za ta fitar da sabon fayil mai farawa da "fixed". In babu bayanan gyara, abin da za ta iya shi ne tsamo fayilolin da ɓarnar ba ta taɓa ba. Sa alama a "Keep broken files" wajen warwarewa yana barin guntun da ya fito, kuma bidiyo ko sauti sau da yawa yakan yi wasa har zuwa inda ya lalace.

Tsarin 7z ba shi da bayanan gyara. Ƙari a kan haka, yana narkar da fayiloli da yawa wuri ɗaya don su fi matsuwa, ta yadda ɓarna a tsakiya ke tafiya da duk abin da ya biyo bayanta a wannan rukunin. Don ajiya mai daɗewa, je "Solid Block size" ka zaɓi "Non-solid". Girman zai ɗan ƙaru, amma kowane fayil zai tsaya da ƙafarsa.

Na buɗe takarda daga cikin ZIP, na yi gyara, na adana, amma gyaran ya ɓace.

Da ka danna takardar daga cikin ƙunshi, kwafinta aka fitar a foldar Temp, a kansa ka yi aiki. Sai ka rufe Word sannan manhajar ke tambaya ko ta mayar da gyaran ciki. In ka riga ka rufe tagar ƙunshin, ko wuta ta ɗauke, babu mai tambayar. Rubuta %temp% a layin adireshin folda ka duba, wataƙila kwafin na nan. Nan gaba ka warware tukuna, ka yi aikinka a folda, sannan ka sake matsewa.

Sunayen fayiloli masu ƙ, ɗ da ɓ sun koma wasu alamomi, wasu kuma sun ƙi fitowa.

Tsohon tsarin ZIP bai tanadi waɗannan haruffa ba, kuma tsofaffin manhajoji har yanzu suna rikicewa da su. 7z da RAR5 suna riƙe su daidai. In dole sai ZIP, rubuta cu=on a akwatin "Parameters" na 7-Zip, ko ka sa wa fayilolin suna da k, d, b zalla in ba ka san irin kwamfutar mai karɓa ba. Abin da ke cikin takardar ba ya taɓuwa, sunan ne kawai.

Masu ƙin fitowa kuwa, galibi tsawon adireshi ne. Sassa da yawa na Windows ba sa wuce harafi 260, in aka haɗa sunan fayil da na duk foldar da yake ciki. Ƙirƙiri folda mai gajeren suna kai tsaye a kan C, ka warware a can.

Wani ya turo min ZIP da kalmar sirri a imel, ya ce takardar biyan kuɗi ce. In buɗe?

In ba ka san shi ba, ko ba ka jiran saƙon, kada ka buɗe. 'Yan damfara na kulle ƙunshi ne don manhajar kariya ta kasa leƙa cikinsa. A tagar folda, kunna "File name extensions" a ƙarƙashin "View" don ka riƙa ganin ƙarshen suna. Abin da ya ƙare da .exe, .scr, .js, .bat ko .lnk ba takarda ba ce, ko da an sa masa hoton PDF. Duba kuma girman da zai zama bayan warwarewa a layin "Size". Akwai sanannen fayil mai suna 42.zip, KB 42 kacal, wanda in aka warware shi duka yake kai fetabait 4.5, wato kusan GB miliyan 4.5.

Ita ma manhajar sai an sabunta ta. A 2023 an gano wata kafa a WinRAR da ke sa danna hoto ko PDF a cikin ƙunshi ya tayar da muguwar manhaja, aka toshe ta a fitowa ta 6.23. WinRAR da 7-Zip ba sa sabunta kansu. Shiga "Help" sannan "About" ka ga wadda kake da ita, musamman a kwamfutar shago da filash ɗin jama'a ke shiga kullum.

Na zaɓi "Ultra" a "Compression level", kwamfutar ta daskare.

"Ultra" na cin RAM sosai. A ƙasan tagar akwai layin "Memory usage for Compressing". In adadin ya kusa RAM ɗin da kake da shi, rage "Dictionary size" ko "Number of CPU threads", ko ka koma "Normal". A laftof mai GB 4, ɗan ragin da za ka samu bai kai jiran ba, balle in a kan batir kake.

Na warware .tar.gz sai na ga wani fayil .tar. Ga kuma folda mai suna __MACOSX.

Na farkon riga biyu ce: TAR ya haɗa, GZ ya matse, don haka a 7-Zip sai ka warware sau biyu. Foldar __MACOSX da fayil ɗin .DS_Store kuwa kwamfutar Mac ce ke ƙara su, ba cuta ba ne, kana iya goge su.

Bayan na matse, zan iya goge na asali don in samu fili?

Sai bayan abu uku. Ka yi "Test archive" ya fito ba kuskure. Ka kwafi ƙunshin zuwa wata na'ura dabam, ka sake gwada shi a can, domin a wajen kwafa ake yawan samun ɓarna. Sannan ka warware fayil biyu ko uku daga ciki ka buɗe su da idonka. Ƙunshi ɗaya a kan na'ura ɗaya ya fi folda haɗari, tunda ɓarna kaɗan a cikinsa na iya shafar komai, kamar yadda aka yi bayani a tambayar gyara.

In kana son tabbatar da cewa kwafi biyu daidai suke, danna dama a kan kowanne, ka zaɓi "CRC SHA" sannan "SHA-256". Za ta ba ka jerin haruffa da lambobi 64. Ajiye jerin a ƙaramin fayil na rubutu kusa da ƙunshin, ka tura wa mai karɓa shi ma ya lissafa nasa. In ko harafi ɗaya ya saɓa, a sake kwafa.